Lambar da ba ta faɗi ma'auninta ba

A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta daina jin ɗuriyar kumbonta Mars Climate Orbiter yayin da yake shirin fara kewaya duniyar Mars. Babu injin da ya lalace. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ita kuwa manhajar masu jan akalar kumbon tana ɗaukarsu a matsayin niyuton. Fam ɗaya ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya matsa kusa da Mars fiye da kima, ya salwanta.

Abin takaicin shi ne, takardar ƙa'idojin aikin ta ce a yi amfani da niyuton. Sai dai kwamfuta ba ta karanta takarda.

Wannan giɓi ne ontoloji ke ƙoƙarin cikewa. Tsari ne da ake fayyace kowane abu na wani fanni, da dangantakarsa da sauran, da dokokin da bai isa ya ƙetare ba, cikin harshen da na'ura ke iya tantancewa. Mafi shahara shi ne OWL, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2004. Akwai ma ontoloji na ma'aunai zalla, QUDT, wanda ya samo asali daga wani aikin NASA. A cikinsa lamba ba ta tafiya ita kaɗai, dole ta zo da ma'auninta.

Amfaninsa ga masu tabbatar da ingancin manhaja shi ne kama saɓani tun kafin a fara rubuta ta. Idan aka shar'anta cewa mutum ba zai zama mai ritaya kuma mai karɓar albashi a lokaci guda ba, na'ura za ta tona duk bayanin da ya saɓa, kuma daga dokar ake fitar da gwaje-gwajen da za a yi wa manhajar.

Ma'aikacin da ya taɓa yin zarya saboda sunansa a NIN ya bambanta da na BVN ya san zafin lamarin.

Wahalar dai ba ta na'ura ba ce. Kafin a rubuta layi ɗaya, sai sashen albashi, na fansho da na kula da ma'aikata sun zauna sun yanke ko kalmar "ma'aikaci" ta haɗa da ɗan kwantiragi da wanda aka aro daga wata ma'aikata.