Gubar da Ba Ta da Wari: Daga Arlit Zuwa Ramukanmu

 Shirinmu na musamman na yau daga nan Zuru zai fara ne da Arlit, can arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar.

A 1971 kamfanin Somaïr ya fara haƙo yuraniyum a Arlit. A 1978 Cominak ya bi sahu a Akokan da ramin ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta aiki har ranar 31 ga Maris 2021, ya tafi ya bar tulin tarkace kusan tan miliyan 20 a fili, iskar hamada na kaɗawa. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je ta yi awo, tare da taimakon cibiyar CRIIRAD ta Faransa, aka tarar da duwatsun mahaƙa a shimfiɗe kan titunan Akokan, da ƙarafan kamfani masu guba a kasuwa. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin mahaƙar da ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya daɗe yana kokawa kan wannan kafin a karrama shi da lambar Nuclear-Free Future Award a 2017.

To, mece ce illar? Yuraniyum yakan rikiɗe sannu a hankali ya zama rediyom, rediyom ya haifi wata iska mai suna radon, ita kuma ta koma foloniyom. Kowannensu yana harbo wata 'yar ƙwaya da masana ke kira alfa. Abin mamaki, alfa ba ta da nisan zango. A iska santimita kaɗan take yi, fallen takarda ma ya isa ya tare ta, fatar jikinka ba ta iya hudawa. Sai dai halinta na dafin maciji ne: a kan fata ba komai, in ya shiga ciki kuwa sai wani ikon Allah. Idan mutum ya shaƙi ƙurar ta maƙale a huhu, duk ƙarfin alfa kan 'yan ƙwayoyin halittar da ke kusa yake ƙarewa. Tana tsinka zaren gado na cikin ƙwayar gida biyu lokaci guda, jiki ya zo gyara ya yi kuskure, bayan shekara 10 ko 20 cutar kansa ta bayyana. Shi ya sa wajen lissafin illa ake ninka awon alfa sau 20 a kan hasken hoton asibiti.

An ga haka ƙuru-ƙuru a Amurka a shekarun 1920. 'Yan matan da ke shafa wa agogo fentin rediyom sukan lashi bakin burushi don ya yi tsini. Jiki ya ɗauki rediyom a matsayin abincin ƙashi, ya kai shi can ya ajiye. Haƙora suka zube, muƙamuƙi ya ruɓe.

Mu dawo gida. Matasanmu da yawa, daga masarautar Zuru har Yawuri, neman zinare ke sa su cikin rami tun safe. Ba yuraniyum suke nema ba, gaskiya ne, amma kusan kowane dutse yana ɗauke da ɗan kaɗan, kuma radon ya fi taruwa a rami mai zurfi da iska ba ta ratsawa. Ba launi, ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, shi ne babban sanadin kansar huhu, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗari. Don haka, ɗan'uwa, taba a cikin rami ganganci ne biyu.

A buɗe wa rami kafar iska. A jiƙa dutse kafin a kai shi injin niƙa, kada kuma a daka shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Awon radon kuwa aikin na'ura ne, kuma akwai ƙwararrunsa a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa a Abuja. Shugabannin ƙungiyoyin mahaƙa na iya rubuta musu takarda su nemi a zo a auna.