Sufeto Tennison A Bakin 'Yan Kallo

 A wannan mako ina so in kai ku ƙasar Ingila, mu ga wata mace wadda ta daɗe a bakin mutane ko da ya ke ba a taɓa haihuwarta ba. Sunanta Jane Tennison. Babbar Sufeton 'yan sandan ciki ce a birnin Landan, amma a cikin wasa kaɗai. Sunan wasan Prime Suspect, watau wanda aka fi tuhuma. Ba don gidan sinima aka shirya shi ba, don talabijin aka yi shi, aka nuna shi dare biyu a jere a tashar ITV cikin watan Afrilu na 1991. Mace ce ta rubuta shi, Lynda La Plante. Wadda ta fito a matsayin Sufeton kuwa Helen Mirren ce, tana da shekara 45 a lokacin.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. An tsinci gawar wata yarinya a wani ɗakin haya. Sufeton da aka ba binciken, namiji, ya kama wani mutum George Marlow, sai ciwon zuciya ya kashe shi tun aiki bai ƙare ba. Tennison ta daɗe ana tsallake ta in babban aiki ya zo. Ta tafi wurin shugabanta ta ce a ba ta, aka ba ta ba da son rai ba. Da ta sake bin sawun binciken, sai ta gane ashe ko sunan mamaciyar ba a samu daidai ba, wata yarinya ce dabam. To, sai ku ga halin da ta shiga. Ga mai kisa yana yawo a gari, ga kuma mazan da ke ƙarƙashinta, musamman Saje Otley, suna haƙa mata rami don ta tona kuskuren maigidansu da ya mutu. Ƙarshen kuwa ba zan faɗa muku ba, kada in zubar muku da miya.

Cikin hutun da ya wuce muka kalli wasan nan, mu huɗu, duk malaman makaranta. Ko da ya ƙare, ba wadda ta ta da zancen mai kisan. Gardama duk a kan matar ta tsaya.

Babbarmu ta ce, "Ni dai, ƙannena, matar nan ba ta kwanta mini ba. Ba fara'a, ba tausasa harshe, ga taba kamar bakin murhu. Dubi yadda ta bar gidanta, har mutumin da su ke tare ya gaji ya kwashe kayansa."

Ta biyu ta ce, "Haba Yaya! Da namiji ne ya kwana a ofis yana neman wanda ya kashe 'yar mutane, ai cewa za ki yi jarumi ne. Wa ya taɓa tambayar sufeto namiji ko ya yi murmushi?"

Ta uku kuwa ba ruwanta da wannan duka. Ita abin da ya dame ta, an nuna gawa a fili fiye da kima, ta ce ba wasan da za a kalla da yara ba ne. A nan kam na bi bayanta, ku ma ku kiyaye.

An ce ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa. Amma ku lura da abu guda. Wadda ta yaba da wadda ta kushe, duka biyu magana su ke yi kamar Tennison maƙwabciyarsu ce da su ke gani kullum. Wannan shi ne aikin Helen Mirren. Ba ta yi kwalliya don a so ta ba. Ta kan fito da gajiya a fuska, ta yi wa yaranta tsawa, wani lokaci ta yi son kai, sa'an nan in ta kaɗaita ki ga tsoro a idonta na ɗan lokaci kafin ta haɗiye shi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Masu ba da lambar BAFTA, babbar lambar yabo ta talabijin a Ingila, sun ba ta ta gwanar 'yan wasa mata shekara uku a jere, 1992 da 1993 da 1994, duk saboda Tennison.

Wahalar da aka nuna kuwa ba ƙage ba ce. Sa'ad da marubuciyar ta ke shirin wasan, mata ƙalilan kaɗai ke riƙe da wannan muƙami a 'yan sandan ciki na Landan. Ɗayarsu, Jackie Malton, ita ta zauna da ita ta kwashe mata labarin yadda zaman ya ke. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Akwai wani wuri da ya ke ba mutane dariya yanzu. A cikin wasan Tennison ta hana yaranta kiranta da irin laƙabin da a ke girmama Sarauniya da shi, ta ce su kira ta shugaba kamar yadda su ke kiran maza, don ita ba Sarauniya ba ce. Sai ga shi a 1991 ba wanda ya san Helen Mirren ɗin nan za ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a fim ɗin The Queen na 2006, har ta sami lambar Oscar a 2007.

An yi ta ƙara wasan har kashi bakwai, na ƙarshe a 2006. A cikinsa an nuna Tennison ta kusa barin aiki, mahaifinta na kwance ciwon ajali, ita kuma giya ta kama ta. Nan ma aka rabu. Waɗansu suka ce gaskiya ce mai ɗaci, aikin nan haka ya ke cin mai yinsa, namiji ko mace. Waɗansu suka ce an ci amanarta. Ita kanta La Plante, wadda ta riga ta bar rubuta wasan, ta nuna ba ta ji daɗi ba. A 2011 kuma Amurkawa suka yi nasu, Maria Bello ta fito a matsayin 'yar sandan, amma bai wuce kashi 13 ba aka tsai da shi.

To, ni ga nawa ra'ayin. Ban ce ku yi koyi da tabarta ko zafin bakinta ba, Allah ya kiyaye. Amma in za mu auna ta, mu auna ta da mudun da mu ke auna maza. Yarinyar da aka kashe tana da iyaye, kuma da Tennison ta yi shiru don a zauna lafiya, da ba su san inda 'yarsu ta shiga ba. Su kansu mazan da suka ƙi ta da fari, da suka ga aikinta, su ne suka tsaya mata sa'ad da manya suka so cire ta. Ba murmushinta ya jawo su ba, aikinta ne. Da yawa cikinmu muna da shugaba mace, a makaranta ko asibiti ko ofis, mu ne kuwa mu kan fara cewa ta cika zafi. Kafin ki faɗi haka gobe, 'yar'uwa, tambayi kanki: da namiji ne, haka zan ce?

Wadda ta taɓa kallon wasan nan, ta rubuto mana nata ra'ayin, ko ya saɓa wa nawa, za mu buga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.