Dagulewar Turare Na Jawo Wa Ƙananan Masu Haɗa Shi Hasara

Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, turaren da ake shigowa da shi daga Faransa da Dubai ya ƙara tsada, kuma masu haɗa turaren fesawa a gida suka sami kasuwa. Da dama daga cikinsu kan sayo kayan haɗi daga kasuwar sinadarai ta Ojota da ke Legas, su ɗura a kwalabe, su rarraba wa masu shaguna. Sai dai kuma akwai matsalar da ke cinye musu riba: turaren da aka ɗura garau yakan dagule bayan 'yan kwanaki, ya yi fari-fari, ko kuma laka ta kwanta a gindin kwalba. Mai shago ba ya jayayya a kan irin wannan kaya, mayar da shi yake yi.

Turaren fesawa man ƙamshi ne da aka narkar a cikin sinadarin itanol. Mai ƙarfi yakan ɗauki mai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, mai sauƙi kuwa kashi 5 zuwa 15. Itanol ɗin da ya dace da aikin shi ne mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari, domin shi ne ke iya riƙe man a narke.

A nan ne ruwa ke shigowa, kuma shi ne babban mai laifi. Man ƙamshi ba ya narkewa a ruwa. Duk lokacin da aka ƙara ruwa, ƙarfin itanol yana raguwa, har ya kai matsayin da zai saki man, wanda zai watsu ya zama ƙananan ɗigo da ke sa turaren ya yi hazo. Mai haɗin da ya zuba ruwa domin lita guda ta zama lita da kwata yana ganin ya rage kuɗin kaya, alhali kuwa ya sa kwalba, da marfi, da lakabi, da man da ya fi komai tsada cikin haɗari. Wani lokacin ma ba shi ya zuba ba, dillalin da ya sayar masa da itanol ne ya riga shi. Ma'aunin ƙarfin itanol, ɗan ƙaramin bututun gilashi da ke yawo a saman ruwa, yana tona wannan asiri nan take, kuma kuɗinsa bai kai hasarar jarka guda ba. In ruwan ya zama dole, to ya kasance kaɗan, wanda aka tace ta hanyar tururi, a zuba shi a ƙarshe sannu a hankali. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri iri-iri da ke zama laka.

Dalili na biyu shi ne man kansa. Akan sirka wani da man farafin ko man kwakwa, waɗanda ba sa haɗuwa da itanol, sai su ware su yi nasu layi a cikin kwalba. Gwajin cokali guda a ƙaramar kwalba kafin a haɗa jarka ya isa ya nuna hakan.

Akwai kuma lakar da ba ta ha'inci ba ce. Man da aka samo daga itace, da ƙaro, da furanni, da ɓawon lemo yana ɗauke da kaki wanda ke narkewa da zafi ya daskare da sanyi. Shi ya sa turaren da aka haɗa a Legas yakan dagule idan ya kwana a Jos cikin hunturu. Manyan kamfanoni sun daɗe da sanin maganin wannan: sukan ajiye haɗin a rufe, a wuri mai duhu, na tsawon makonni, sannan su sanyaya shi har kusa da daskarewar ruwa, su tace shi tun yana da sanyi. Ƙaramin mai sana'a zai iya yin haka da firji da takardar tacewa, na kwana ɗaya ko biyu. In ya bari haɗin ya huce kafin ya tace, kakin zai sake narkewa ya bi ta matatar. Tacewa kuma ba ta gyara hazon da ruwa ya jawo. Wannan sai an ƙara itanol mai ƙarfi.

Wahalar dai ita ce ta jari. Ajiyar wata guda na nufin kuɗi sun kwanta wata guda, ga kuma kuɗin man janareto domin firji. Mai ƙaramin jari zai fi samun sauƙi idan ya riƙa haɗa kaɗan-kaɗan kowane mako, yadda wani na nuna wani na fita kasuwa.

Wata hanyar rage kuɗin da ta fi ruwa muni ita ce amfani da mitanol, wanda ke ba da turare garau amma guba ne da ke shiga jiki ta fata da numfashi, har yakan makantar. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliya, har da turare, kuma manyan kantuna kan nemi ganin lambarta kafin su karɓi kaya.