Ƙunar Wuta da Neman Diyya: Abin da Ya Kamata Mai Bi Ya Sani

A daren 15 ga Oktoba 2024, tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai suna kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka mutu. Waɗanda suka tsira da ƙuna, da yawansu ba za su sake riƙe fartanya yadda suka saba ba. A ƙauyuka irin Bacirawa gobara ba ta kai haka girma, amma ba ta yankewa, musamman da hunturu: kananzir da aka gauraya da fetur ya fashe a fitila, maƙwabci ya sa wuta a gonarsa iska ta kai ta rumbun wani, wayar lantarki ta tsinke, injin niƙa ya kama da wuta yaron shago na ciki.

Idan haka ta faru, abin da muka saba faɗa shi ne "a yi haƙuri, a bar wa Allah". Haƙuri yana da kyau, gafara kuwa umarni ce. Amma 'yan'uwa, gafarta wa mutum daban, ɗauke masa nauyin ɓarnar da ya yi daban. A Fitowa 22:6, wanda ya kunna wutar da ta bazu ta cinye hatsin wani, shi aka ɗora wa biya. A Fitowa 21:18-19, wanda ya ji wa wani rauni zai biya kwanakin aikin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. Diyya ke nan, kuma ba ramuwar gayya ba ce. Ni a ganina, idan dattawa suka matsa wa gwauruwa ta yafe kuɗin maganin ɗanta don kada a ɓata zumunci, sun sauke kayan mai ƙarfi sun aza wa marar ƙarfi.

Ƙuna tana cin kuɗi fiye da yawancin raunuka. Ana wanke ciwon ana sake ɗauri makonni, wani lokaci sai an yi dashen fata, kuma idan fatar ta tattare yatsu su manne, sai an sake tiyata. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Tun a gida, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin na minti 20, a garzaya asibiti. Kada a shafa manja, ɗanyen ƙwai, man goge baki ko baƙin mai. Suna jawo ruɓa, kuma jinyar gida ba ta barin takarda.

Takarda kuwa ita ce ƙara. Kotu tana so a nuna cewa wani ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Saboda haka a nemi rahoton likita, a ajiye rasit ko na bandeji ne, a ɗauki hoton ciwon da na wurin, a rubuta sunayen shaidu, a sanar da 'yan sanda. Idan mai rauni yana da hannu a abin da ya same shi, kamar mai kwasar fetur a tankar da ta faɗi, kotu tana iya rage abin da za ta ba shi. Tallafin da gwamnati ke rabawa bayan bala'i kuma taimako ne, bai zama diyya ba.

Wanda ya ƙone a bakin aiki, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi. Masu ɗaukar ma'aikata suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don irin wannan rana. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, a shigar da buƙatar cikin shekara ɗaya. Idan mota ce ta jawo, a tambayi takardar inshorarta. Idan hukumar gwamnati ce, a yi sauri sosai, domin doka kan ba da wata uku kacal. Marar kuɗin lauya ya nufi ofishin Legal Aid Council a Kano.

To, idan wanda ya yi sakacin ɗan'uwa ne cikin ikilisiya fa? Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a sura 6 ta wasiƙarsa ta fari don suna jan juna gaban alƙalai, amma ya ɗora wa ikilisiya aikin raba gardamar. Sai dattawa su zauna da ɓangarorin biyu, ko da mai unguwa, a lissafta kuɗin magani da na aikin da aka rasa, a yanke abin da za a biya da lokutan biya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kada a rufe lissafin tun ciwon yana ɗanye, domin sai bayan watanni likita yake iya faɗin ko hannun zai sake miƙewa.