Amanar Reno: Kafin Ki Miƙa Ɗanki Ki Fita

Yau ina so mu yi magana a kan barin yaro a hannun wani. Mata da yawa suna fita yanzu, wata malama ce, wata nas, wata kuwa kasuwa za ta ko biki. Tilas a bar yaro wurin kaka, ko abokiyar zama, ko 'yar reno, ko a kai shi gidan renon yara irin na birane. Wannan ba laifi ba ne. Amma ko hannun wa kika bar shi, alhakinsa yana wuyanki.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, kwanan baya wata maƙwabciyata ta tafi gidan suna, ta bar ɗanta mai shekara biyu wurin 'yar renonta, yarinya 'yar shekara tara. Yarinya tana can tana wanke-wanke, sai yaro ya ga kwalbar lemo gindin murhu, ya ɗauka ya kurɓa. Ashe kananzir ne. Mata suka taru, wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce a sa masa yatsa a baki ya yi amai. Allah ya sa akwai nas a unguwa, ta hana, domin kananzir in ya dawo da amai yana iya shiga huhu, nan ne kuwa babban haɗarinsa. Aka kai yaro asibiti, ya warke. Da uwar ta komo sai ta rufe yarinya da duka. To, jama'a, laifin wa? Wa ya zuba kananzir cikin kwalbar lemo ya ajiye ƙasa?

Saboda haka kafin ki fita, durƙusa ki dubi gidanki daga inda idon yaro yake. Rijiya tana da murfi? Akwai bokiti ko baho da ruwa a buɗe? Ruwan da bai kai taƙi guda ba ya isa ya halaka mai rarrafe. Ɗauke magani da fiya-fiya da ashana ki sa sama. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ko aya, gama suna shaƙe shi. Gaya wa mai reno, in yaro ya ƙone ta yi ta zuba ruwan sanyi wurin har minti 20, kada ta shafa man goge baki ko ƙwai. Jariri kuwa a kwantar da shi rigingine, kada kuma a jijjiga shi da ƙarfi don ya yi shiru, wannan yana ɓata ƙwaƙwalwa.

Wajen lafiya, inda yara suka taru nan cuta take saurin yawo. Ki tabbata katin rigakafin ɗanki ya cika, musamman allurar ƙyanda da ake yi a wata 9. In jikinsa da zafi kada ki kai shi cikin 'ya'yan mutane, kai shi a gwada jininsa. Mai reno ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki, da kafin ta ba shi abinci. In ɗanki bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi. Ki tatsa cikin kofi mai tsabta mai murfi, a ba shi kafin awa 4. In gudawa ta kama shi, a dama garin ORS yadda aka rubuta jikin takardarsa. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har a isa asibiti.

Sauran abu ɗaya wanda muka fi mantawa, watau zuciyar yaro. A kwaleji mun karanta labarin wani likitan Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da suka rabu da iyayensu. Ya nuna cewa yaro ko ana ci da shi, ana yi masa wanka, in ba shi da mutum guda wanda ya saba da shi, mai ɗaukarsa yana yi masa wasa, sai ya yi ta ƙunci, wayonsa da maganarsa su yi baya. Don haka kada ki riƙa sake mai reno kowane wata kamar zane. In kin sami tagari ki riƙe ta da kyau.

Kada kuma ki sulale ki gudu don kada ya yi kuka. Yaron da ya waiwaya ya ga babu uwarsa, gobe ba zai yarda ya saki zanenta ba. Ɗauke shi ki ce, na tafi, zan komo bayan azahar, sa'an nan ki cika alkawari. Zai yi kuka, amma sannu a hankali zai gane in kin tafi kina komowa. Hana mai reno tsorata shi da Dodo, ko dukansa don fitsarin kwance. Har wa yau kada a miƙa masa waya don a huta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a sa yaron da bai kai shekara 2 ba kallon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a yini. Tatsuniya da waƙa da hira su ke buɗe bakin yaro.

In gidan reno kike kai shi, wata rana ki faɗo musu ba zato. Ƙirga yara nawa ke hannun mace ɗaya. Saurari yadda ake yi musu magana. Lura da ɗanki: in mai surutu ya koma shiru, ko yana firgita cikin barci, ko yana maƙalewa da ya ga mai renonsa, lalle ki bincika.

Ku kuma 'yan makaranta masu goyon ƙanne, in ƙanenki ya faɗi ko ya haɗiye wani abu, faɗi nan da nan, kada tsoron duka ya sa ki ɓoye. Iyaye, mu daina dukan mai faɗin gaskiya. Mu tuna 'yar renon nan ita ma ɗiyar wata ce, kuma tun 2004 doka ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta. Yarinya 'yar shekara tara wasa da yaro ne nata, gaban babba, ba a bar mata gida ita kaɗai.

Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa.