Tsadar Ɗaki Da Ƙarancin Hidima A Manyan Otal-Otal Na Bauchi

BAUCHI — Ƙorafin da aka fi ji daga bakin baƙin da ke sauka a manyan otal-otal na birnin Bauchi, daga yankin Ɗan Iya har zuwa bakin hanyar Jos, kusan iri ɗaya ne: kuɗin ɗaki na ta hauhawa, hidima kuwa na ta ja da baya. Ana samun famfo ba ruwan zafi, ana kashe na'urar sanyaya ɗaki tsakar dare, sa'an nan a ɗakin cin abinci sai baƙo ya gaji da jira kafin a kawo masa abin da ya riga ya huce. A garin da mai tuyar masa ta bakin titi ke miƙa wa mutum masarsa da zafinta, wannan abin kunya ne.

Masu otal-otal suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yunin shekarar kuma aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Otal ba kamar kanti ba ne da za a rufe idan ciniki ya yi ƙasa. Ko ɗaki goma ne kawai ke da baƙi, tilas injin wuta ya kwana yana shan man dizal. Da yake ba dama a rage wannan, sai ragin ya faɗa kan gyare-gyare da albashi. Ƙwararren kuku ya kama hanyar Abuja, a maye gurbinsa da wanda ba a horar ba. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024, ba ta ma shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Amma tsadar mai ba ita ke hana ma'aikaci gaida baƙo ba. Babban dalili yana ga wanda ke biyan kuɗin. Kaso mai tsoka na cinikin irin waɗannan wurare daga tarurrukan ƙara wa juna sani na ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji yake zuwa. Mai kwana daban, mai biya daban, kuma jami'in da ya zaɓi otal ɗin ba lalle ne ya kwana a ciki ba. Inda rashin gamsuwar baƙo ba ta rage wa mai otal ko kwabo, babu abin da zai tilasta masa gyara. Duk da haka, takardar kuɗin abinci kan zo da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a 2020, wasu wuraren kuma su ƙara da kuɗin hidimar da ba a gani ba.

Batun sa ido ma da sauran gyara. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Legas, cewa yi wa otal-otal rajista da tantance darajarsu haƙƙin jihohi ne. Ke nan alhakin tabbatar da cewa taurarin da otal ke liƙa wa kansa sun dace da aikinsa yana wuyan gwamnatin jiha, wadda ita kanta mai otal ce, domin Otal ɗin Zaranda nata ne.

Asarar kuwa ta wuce aljihun baƙo ɗaya. Ta Bauchi ake bi zuwa Gandun Dajin Yankari, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, aka mayar wa jihar da shi a 2006. Mai yawon buɗe ido da ya sha wuya a daren farko yakan taƙaita ziyararsa, kuma direban haya da mai tsire da mai sayar da kayan fata duk sukan ji a jikinsu. Baƙon da aka cuta yana da damar kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, sai dai akasarinsu sukan biya ne kawai su kama hanyar Jos ko Gombe.