Karatu A Indiya: Da Sallama Ake Shiga, Da Sallama Ake Fita

Mu ɗauka ka gama sakandare, sakamako ya yi kyau, ka samu gurbin karatu a wata jami'a a Indiya. An buga maka biza, 'yan uwa sun raka ka filin jirgin Malam Aminu Kano, ka sauka lafiya a Delhi. Jami'in shige da fice ya buga hatimi a fasfonka ya miƙo maka. A ganinka magana ta ƙare, sai karatu. To ba ta ƙare ba. Daga wannan rana aka fara ƙirga maka kwana 14.

Indiya na cikin ƙasashen da ɗaliban Arewa suka fi zuwa, musamman masu karanta fannin lafiya, injiniya da kwamfuta. Ko a 2023 gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai can domin digiri na biyu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wani ko wata daga cikin masu karanta wannan shafi su tsinci kansu a can nan da 'yan shekaru.

Mene ne na kwana 14?

A al'adarmu, baƙon da zai daɗe a gari mai masaukinsa kan kai shi wurin mai unguwa a san da zamansa. Haka abin yake a Indiya, sai dai can doka ce. Duk baƙon da ya shiga da bizar karatu mai wa'adin da ya wuce kwana 180 dole ya yi rajista cikin kwana 14 da saukarsa. An dai ɗauke wa ƙananan yara.

Ofishin da ke wannan aiki shi ake kira FRRO, wato ofishin rajistar baƙi na yanki, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Akwai shi a manyan birane irin su Delhi, Mumbai, Chennai, Hyderabad da Bengaluru. Inda babu, shugaban 'yan sandan gunduma ke riƙe da aikin. Tun 2018 aka mayar da rajistar ta intanet, a shafin e-FRRO. Ɗalibi zai buɗe asusu da kansa, ya ɗora hotonsa, da shafin fasfo, da biza, da shafin da aka buga hatimin shigowa, da takardar makaranta mai tabbatar da cewa shi ɗalibinta ne, da shaidar inda yake zaune. Idan komai ya yi daidai sai a aiko masa da takardar rajista da izinin zama. Wani lokaci akan kira mutum ofis a yi masa tambayoyi. Wanda ya makara kuwa, tara ce ke jiransa.

Ba kai kaɗai ke ba da rahoto ba

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, wasu ma suna kai bayaninsu. Makaranta na cike wani fom, inda take sanar da hukuma cewa ta karɓe ka, da yadda kake halartar darasi, da ranar da ka kammala ko ka bari. Mai otal ko mai gidan kwanan da ya sauke ka shi kuma yana cike nasa fom cikin awa 24.

Ma'ana, idan ka daina shiga aji, ko ka koma wani gida ba ka sanar ba, bayaninka da nasu za su saɓa. Ranar da ka je neman ƙarin wa'adin biza, a nan za a gano. Don haka sauya gida, sauya makaranta ko sauya kwas, kowanne sai an sanar ko an nemi izini. Kuma bizar karatu ta karatu ce, ba ta aiki ko kasuwanci ba.

Ranar komawa gida

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya yi rajista kuma bizarsa da sauran kwana, fitarsa ba ta da wuya: ya biya abin da makaranta ke binsa, ya riƙe takardar rajistarsa a hannu domin jami'an filin jirgi na iya nemanta, ya hau jirgi.

Amma a ce biza ta ƙare ranar 30 ga Yuni, jami'a kuma ta ɗage jarrabawar ƙarshe zuwa Yuli. Ɗalibi ya ce ai 'yan kwanaki ne, ya yi shiru. Ranar tafiya ya isa filin jirgi da tikiti da tsaraba, sai a mayar da shi. Wanda wa'adinsa ya wuce ba ya fita sai da takardar izinin fita daga FRRO, ita kuma sai an biya tara an jira. Tikiti ya bi ruwa, ga kuɗin haya, ga iyaye a gida hankali a tashe. Abin da ya kamata ya yi shi ne neman ƙarin wa'adi da takardar makaranta tun biza na da sauran makonni.

Haka wanda fasfonsa ya ɓace. Zai kai rahoto wurin 'yan sanda, ya nemi sabuwar takardar tafiya a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke New Delhi, sannan ya nemi izinin fita.

Dokar ma an ƙara mata ƙarfi. A ranar 1 ga Satumba, 2025 sabuwar dokar shige da fice da baƙi ta fara aiki, ta maye gurbin tsofaffi guda huɗu, ciki har da ta rajistar baƙi ta 1939. A ƙarƙashinta, wuce wa'adin biza na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai rupi 300,000, ko duka biyun. Ana kuma iya sa sunan mutum cikin waɗanda aka hana sake shiga ƙasar. Ka ga wanda ya ci burin komawa digiri na biyu ya rufe wa kansa ƙofa.

Ba Indiya kaɗai ba

A Jamus, wanda ya tare a gida zai yi rajista a ofishin gari cikin mako 2, idan zai bar ƙasar kuma sai ya soke ta. A Sin, baƙon da bai sauka a otal ba zai yi rajistar masaukinsa wurin 'yan sanda cikin awa 24. A Amurka, ɗalibin da ya sauya gida na da kwana 10 ya sanar. Kowane gari da irin tasa sallamar.

Me za ka fara tun yanzu?

Kana aji biyar ko shida, za ka ce wannan ai da sauran lokaci. Amma halin da ke fitar da mutum tun yanzu ake koyonsa. Ka saba karanta takarda har ƙarshe kafin ka sa hannu. Ki saba rubuta ranakun da wa'adi ke cika, ko na rajistar JAMB ne. Ku tabbatar sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da NIN, da sakamakon WAEC ko NECO, domin su za su bi ku har fasfo.

Idan Allah Ya kai ku can, a makon farko ku nemi ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku. Kada ku damƙa wa dillali fasfo don ya ce zai yi muku rajista a saukake. Ku ajiye kwafin kowace takarda a waya, ku aika wa iyaye ɗaya.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Tunda tafiya za a yi, a yi ta yadda gobe idan an dawo za a sake buɗe ƙofa.